Wata takwas muna zuwa asibitin ƙwaƙwalwar yara: abin da na gani

Ɗana shekararsa 8. Tun yana aji ɗaya ake kirana makaranta: ba ya zama a kujera, yana katse malama kafin ta gama tambaya, fensir kuwa kullum sai an sayi sabo. A Islamiyya bulala ta zame masa kamar abinci. Kakarsa ta ce ƙiriniya ce kawai, zai bari. Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce ta dage sai mun kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwar yara na asibitin koyarwa.

Abin da ya fara kwantar min da hankali, likitar ba ta yi gaggawar rubuta magani ba. Ta ba ni takardar tambayoyi biyu, ɗaya na cike, ɗaya malamarsa ta cike. Likitar ta ce ba a tabbatar da ADHD, wato matsalar rashin natsuwa da kasa mayar da hankali, sai alamun sun bayyana a gida da makaranta, sun kai wata 6, kuma sun fara kafin yaro ya cika shekara 12. Sai a zuwa na uku ta ɗora shi a kan wani magani mai suna methylphenidate.

A makon farko na gan shi zaune a tabarma, ya gama aikin gida bai tashi ba, na juya na share hawaye. Amma maganin yana kashe masa cin abinci, kwanon rana haka yake dawowa. Shi ya sa nake cika masa ciki da kunun gyaɗa da ƙosai kafin ya sha, ma'aikatan asibitin kuma duk zuwa sai sun auna nauyinsa da jininsa. Bayan awa huɗu ƙarfin maganin yake sauka, daga nan sai abin da aka koya mana mu iyaye: umarni ɗaya a lokaci ɗaya, ina kallon idonsa, in yaba masa nan take. Wannan zaman na koyar da iyaye ya fi min komai amfani. Malamarsa ma ta dawo da shi layin gaba, shi ke goge allo in zama ya ishe shi.

Inda na ji ciwo, layi ne daga ƙarfe bakwai har azahar, yaro irin wannan kuma jira ne babban wahalarsa. Maganin ma wuyar samu, akwai watan da na zaga kemis huɗu da takardar likita a hannu.

Jiya ya dawo daga Islamiyya ya ce, "Umma, yau ba a dake ni ba, kuma na kawo haddata."