Sharhi kan Yamaha MODX6: ɗaukar kiɗa layi-layi zuwa kwamfuta

Duk wanda ya taɓa zama a situdiyo a Kaduna ya san yadda yawancinmu muka saba ɗaukar kiɗa. Makaɗi zai haɗa komai a kan fiyano, ganguna da bes da sarewa da jita, a jona waya biyu daga bayan fiyanon zuwa katin sauti, a danna ɗauka. Abin da zai shiga kwamfuta a dunƙule yake, hagu da dama kawai. In daga baya mawaƙi ya ce ganga ta danne masa murya, ko uwar biki ta aiko a cire sarewar da ke bin sunan amarya, ba yadda za ka yi sai an sake buga kiɗan. Masu haƙuri sukan kashe duk layukan su bar ɗaya, su ɗauka, su koma kan na gaba. Waƙar minti 6 mai layi 8 sai ta ci minti 48, kafin ma a zauna daidaita farkon kowane layi da hannu.

Wannan wahalar ce ta sa na kawo fiyanon MODX6 ɗan situdiyona da ke Tudun Wada, inda galibin aikina waƙoƙin biki ne da tallan rediyo. Yamaha ta fitar da jerin MODX a 2018 a matsayin ƙanen babban fiyanonta Montage na 2016. Wannan mai maɓalli 61 ne, nauyinsa bai kai kilo 7 ba, ana iya saƙala shi a Keke Napep a tafi wurin taro. Amma ni ba nauyinsa ya ja ni ba, ƙofar USB da ke bayansa ce. Kebul ɗaya, irin na firinta, shi ke ɗauke da MIDI da kuma sauti: layi 10 daga fiyano zuwa kwamfuta, layi 4 daga kwamfuta zuwa fiyano.

A nan yara masu koyon aiki ke yawan rikicewa. Wani yaro da ke zama wurina ya taɓa ce mini, "Yaya, ai tsohon fiyanonmu ma yana da USB, me ya bambanta su?" MIDI ba sauti ba ne. Bayani ne kawai na wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, na tsawon wane lokaci. In ka zare fiyanon, layin MIDI ya yi shiru. Abin da MODX ke turawa ta waɗannan layuka 10 kuwa ainihin sautin ne, kuma bai bi ta wayar jak ba balle ya kwaso gurnanin janareta ko tsiwar cajar laftof. Ranar farko da na saurari bes shi kaɗai a layinsa, tas ba ƙura, raina ya yi fari ƙwarai.

Haɗawar ba ta da wuya in an bi ta a tsanake. Za ka sa Yamaha Steinberg USB Driver a kwamfuta, ka zaɓe shi a matsayin direban ASIO, wato hanyar shigar sauti da fitarsa, a manhajar ɗaukar sauti da kake aiki da ita. Ni Cubase nake amfani da ita, kuma fiyanon na zuwa da lasisin Cubase AI. F4 za ka danna ka buɗe hanyoyin shigar sauti. Masu FL Studio kuma a kan miksa za su zaɓa wa kowane layi mashigarsa. A cikin fiyanon, kowane Performance, wato haɗin sautukan da ka tsara, na ɗaukar har Part 16, kowanne da nasa sautin, kuma kowane Part yana da wurin da aka rubuta Part Output. Can za ka ce wannan ya fita ta MainL&R, wato babbar mafita, wancan ta USB1&2, ko ta USB guda ɗaya tilo.

Wannan zaɓin na tilo shi ne sirrin cin moriyar na'urar. Biyu daga cikin goman na babbar mafita ne, saura 8. In ka riƙa rabawa bibbiyu, kayan kiɗa huɗu kacal za ka ware. Amma me bes zai yi da hagu da dama? Ko ƙaramar ganga? Ni ina ba bes layi ɗaya, babbar ganga ɗaya, ƙarama ɗaya, sarewa ɗaya, sai in bar bibbiyu ga fiyano da kuma goge-gogen nan masu shimfiɗa a bayan murya. Kayan kaɗe-kaɗe ma ana iya tsaga su maɓalli-maɓalli, in ka mai da mafitar Part ɗin zuwa Drum. Ga kiɗan biki, inda ganga ce ke tayar da mata fili, samun babbar ganga a layinta ita kaɗai ya isa dalilin sayen na'urar a wurina. Wanda aikinsa ya fi haka yawa, Montage na ba da layi 32, sai dai kuɗinsa wani zance ne daban a wannan zamani na tsadar dala.

Akwai abin da ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya firgita. Da zarar ka tura Part ta USB1 zuwa USB8, zai bar hanyar da amsa-kuwwa da sauran kwalliyar gama-gari suke. Kwalliyar da ke jikin Part ɗin kansa ce kawai ke bin sa. Sautin da ka ji yana ƙamshi a fiyano zai iso kwamfuta a bushe, kamar tuwo kafin a zuba miya. Haka aka tsara shi, kuma ni ina ganin daidai ne, domin wanda zai yi miksin shi ya kamata ya auna wa kowane layi amsa-kuwwarsa gwargwadon muryar mawaƙi. Sai dai fa aiki ya dawo kanka. Wanda ya saba fiyano ta gama masa komai zai ɗan sha zama kafin kunnensa ya saba. Haka kuma ba za ka ji wannan Part ɗin a lasifika ba sai ka kunna sauraro a layinsa cikin manhaja, don yanzu sai ya je kwamfuta ya dawo. In ka ji sauti na makara bayan yatsanka, rage bafa, wato adadin sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar. A kan 256 jinkirin bafar bai wuce kusan kashi 6 cikin dubu na daƙiƙa ba, hannu ba ya damuwa da shi. In an zo miksin sai a mayar da ita sama don kwamfuta ta huta.

Ɓangaren murya shi ne inda na fi yin dabara. A Windows, manhaja direban ASIO ɗaya take riƙewa a lokaci guda, saboda haka in MODX ne katin sautinka, wancan katin da makirfo ke jiki ya tafi hutu. Fiyanon na da mashigar A/D ta jona sauti daga waje, amma ba ta ba da wutar 48V da makirfon situdiyo ke buƙata. Ni dai na raba aikin gida biyu: a gama kiɗa da MODX, sannan a koma kan katin sauti a ɗauki mawaƙi da 'yan amshi. Wani abokin sana'ata a Kawo ya bi ta ƙaramar miksa ya shigar da makirfon cikin fiyanon, shi ma ya yi masa. Sannan sautin a kan 44.1kHz yake tsaye, alhali aikin bidiyo 48kHz yake so, don haka waƙar da za a ɗora a fim sai a juya ta wajen fitarwa.

Makaɗan da suka tashi a kan fiyanon Yamaha PSR su sani cewa babu Style a nan, wato kiɗan nan da ke bin hannun hagu da kansa. Akwai Arpeggio masu yawa, wato gajerun jimlolin kiɗa masu maimaita kansu, kuma sabuntawar 2019 ta ƙaro Pattern na ɗaukar kiɗa sashe-sashe, amma tsarin tunanin daban ne. Akwai kuma wurin ajiya na gigabait 1 don zuba sautukanka. Na zuba na kalangu da na gurmi, sun yi amfani wajen cike gurbi. Amma kalangu magana yake yi, kuma maganar a matsin tsarkiya take ƙarƙashin hammatar makaɗi, maɓalli ba zai kawo ta ba. In waƙa ta kai a kashe mata kuɗi, makaɗin kalangu nake kira in ba shi nasa layin kusa da na fiyano.

Ga mu da wuta ke yi wa zuwa da tafiya, MODX Connect ta taimake ni sosai. 'Yar manhaja ce ta kyauta da ke adana saitin fiyanon a cikin fayil ɗin waƙar, ko bayan wata mawaƙi ya dawo, sautukan da rabon layukan za su koma yadda aka bar su.

In na hannu za ka saya, kada ka tsaya kan jin sauti a lasifikar mai shago. Tafi da laftof ɗinka da direban a ciki, ka jona kebul, ka tura Part ɗaya ta kowace mafita daga USB1 har USB8 kana kallon mita na motsi. Ka ɗan girgiza kan kebul ɗin a ƙofarsa, in haɗin ya yanke, ƙofar ta saki, a rage maka kuɗin gyara ko ka nemi wani.