Gargaɗi: buta 12 na saya, 9 suna yoyo, kuma ya toshe lambata

Wallahi yau kwana huɗu ban yi barcin kirki ba. Da na rufe ido sai in ga hannun mutumin nan mai sayar da butoci a intanet yana tsiyaya ruwa a cikin buta, ya ɗaga ta sama a gaban kyamara, yana cewa, "Hajiya, ki duba da kyau, kin ga ko ɗigo ɗaya?" Ban gani ba. Ko ɗigo ɗaya ban gani ba, kuma abin da ke ci min rai ke nan.

Buta 12 na saya a hannunsa. Butar shayi ta ƙarfe mai cin lita 3, irin wadda ake ɗorawa a wuta. Na biya kuɗin 12 cif, ban rage masa komai ba, kuma kuɗin ba nawa ne ni kaɗai ba. Biyu kawai ne nawa. Sauran 10 na abokan aikina ne da yayar maigidana, waɗanda suka danƙa min kuɗinsu saboda na ce musu na samo mai kaya na gari. Ni na faɗa da bakina. A cikin 12 ɗin nan, 9 suna yoyo. Tara!

Kafin wani ya zo yana ce min na yi sakaci, ya tsaya ya ji. Ban ga hoto a intanet na tura kuɗi haka kawai ba. Sai da na sa ya kira ni ta bidiyo. Na ce, "Malam, wane irin ƙarfe ne?" Ya juyo min gindin butar, ga lamba 304 an buga a jiki. Na san abin da lambar ke nufi, ƙarfen da ba ya tsatsa ne wanda ake kira 18/8, wato kashi 18 na kuromiyam da kashi 8 na nikel, wanda ake yin kayan girki masu kyau da shi. Ya ɗauko maganaɗisu ya kara a jikinta, bai kama ba, ya faɗi ƙasa. Ya ce, "Kin gani? Jabu kama maganaɗisu yake yi." Sannan ya zuba ruwa. Don Allah wane ne a cikinku zai yi abin da ya wuce haka? Na tambaya, na gani da idona, na sa an gwada. Me ya rage?

Ashe gwajin ne ma tarkon. Na sake kallon abin da na naɗa na kiran nan ya fi sau 20. Ruwan sanyi ya zuba. Bai cika butar ba, ruwan bai ma kai inda bakin buta ya haɗu da jikinta ba. Ya riƙe ta a sama daƙiƙa 40, na ƙirga, sannan ya zubar da sauri yana ja na da hira. Daƙiƙa 40 da ruwan sanyi, a kan wannan na miƙa kuɗin buta 12.

Ranar Talata kayan suka iso. A'a, Litinin da yamma ne, Talata na raba wa mutane. Na buɗe kwalin, na ciro ukun da ke sama, na cika su da ruwa, na ajiye, shiru. Waɗannan ukun su ne masu lafiya, ya san abin da ya sa ya jera su a sama. Har saƙo na tura masa na ce Allah ya saka da alheri. Saƙon na nan, zan sa hotonsa ku gani, duk da kunyar da nake ji.

Yayar maigidana ce ta fara kira na. Ta ce, "Ƙanwata, wannan buta lafiya kuwa? Ina ɗora ta sai na ji cuu-cuu a kan wuta, ga wari kamar ana ƙona kyandir." Na ce, "Yaya, ƙila ba ki goge gindinta ba ne." Kun ji? Kare shi ma na yi. Na tashi na ɗora tawa ta biyu, wadda ban gwada ba, na durƙusa ina leƙen ƙasanta. Minti biyu na farko babu komai. Da ruwan ya fara ɗumi sai ga wani ɗan ƙwallon ruwa ya taru a ƙarƙashin bakin, daidai wurin walda, ya gangaro a hankali ya faɗa cikin wuta, harshen wutar ya yi ja. Sai wani. Sai wani. Kafin ta tafasa ruwa na bin jikinta kamar hawaye.

Na kira shi. Wannan kafin ya toshe ni ne, ko da yake ya riga ya fara ƙin ɗaukar waya tun ranar da na tambaye shi rasit. Ya ce, "Haba Hajiya, gumi ne kawai, duk sabuwar buta haka take yi." Ƙarya ce da aka yi wa riga da gaskiya. Gaskiya ne buta mai ruwan sanyi takan yi gumi idan aka ɗora ta a wutar gas, domin wutar na fitar da tururi, shi kuma ya taru a jikin ƙarfe mai sanyi. Amma gumi yana lulluɓe jikin ne gaba ɗaya kamar raɓa, kuma da ƙarfen ya yi zafi sai ya bushe. Nawa daga wuri ɗaya yake fitowa, kuma ƙaruwa yake yi da zafi. Na faɗa masa haka. Ya ce zai kira ni. Har yau.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin in biya ya yi min alkawarin duk wadda ta sami matsala zai canja. Da muryarsa ya faɗa, ina da shi a ajiye. "Hajiya, ni amana nake sayarwa." Haka ya ce. Amana.

Na bi mutane gida-gida na karɓo butocin, na kai wa wani mai walda. Bawan Allahn nan ya sa ƙusa ya kankare wurin haɗin bakin, sai ga wani abu fari-fari yana ɓarewa, an shafe shi da fenti mai ruwan azurfa. Kakin kyandir ne aka cusa a tsagar. Ya ce kaki yana narkewa tun zafi na wajen digiri 60, ruwa kuwa sai ya kai 100 yake tafasa, ga shi ƙarfe yana buɗewa idan ya ɗau zafi, tsagar da ta rufe da sanyi sai ta wangale. Shi ya sa ruwan sanyi bai taɓa tona masa asiri ba. Bakwai haka aka yi musu. Biyu kuma a gindi ne, inda aka naɗe farantin ƙasa da jiki, an yi musu faci da wani ƙarfe mai taushi mai launin toka ta ciki. Ya ce kada kowa ya sha ruwan da aka dafa a waɗannan, don irin wannan facin yakan zo da dalma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin gubar dalma da aka sani ba ya cutarwa, kuma yara ta fi yi wa illa. Ɗaya daga cikin biyun nan a gidan mai ƙananan yara uku ta kwana. Da na ji haka sai da ƙafafuna suka kasa ɗauka ta.

Maganaɗisun ma yaudara ce. Mai waldan ya ce ƙarfe mai lamba 201, wanda nikel ɗinsa kaɗan ne kuma ya fi saurin tsatsa, shi ma ba ya kama maganaɗisu sosai. Alminiyam ma ba ya kamawa. Lamba kuma kowa na iya bugawa a gindin buta. To ta ina zan san wannan? Ni ba maƙeriya ba ce. Na yi abin da mai hankali zai yi, mutumin nan ne ya zauna ya tsara cutarsa daki-daki.

In za ku sayi buta, ku cika ta har ruwa ya wuce haɗin baki, ku goge bayanta, ku ajiye ta awa ɗaya a kan busasshiyar takarda. Ku haska tocila a cikinta a ɗaki mai duhu. Sannan ku tafasa ruwa a ciki kafin ku biya, kowace ɗaya, ba ta saman kwali kaɗai ba. Shi ke nan.

Ni dai yanzu kuɗin butocin mutane masu yoyo ne a wuyana, don na ce zan biya kowa, ko da a hankali ne. Yaya ta ce, "Ki bar shi, ba laifinki ba ne." Wannan maganar ta fi min zafi a kan ta zage ni. Wata abokiyar aikina kuwa tun ranar ba ta ce min uffan ba, gaisuwa kawai. Buta 12, na biya 12, uku kacal ke riƙe ruwa. Ya canja sunan shafinsa shekaranjiya, amma hotunan butocin suna nan, har da bidiyon zuba ruwan, irin wanda ya yi min. Ina haɗa hotunan hirarmu da shaidar biyan kuɗi da hoton kakin da aka kankaro, yau da daddare zan sa su duka. Ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da shi.