Yaya, minsharin nan ciwo ne: wasiƙa daga Ingila zuwa Jega

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya jikin Inna, ya hanya? Na samu labarin hoton nan da na turo ta WhatsApp, wanda aka gan ni da wayoyi manne a kai da fuska, ya tayar da hankali a gida, har Inna ta kwana ba ta runtsa ba. Kuskurena ne da na turo shi ba tare da bayani ba. Lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi. Ka karanta mata wannan takarda a nutse, amma ka sani rabin maganar da ke ciki taka ce.

Mai ɗakina ce ta fara lura. Ta ce minsharina ta saba da shi tun muna gida, abin da ke tsorata ta shi ne shirun da ke biyo baya. Sai numfashina ya ɗauke ɗif, ta yi ta ƙirge har ashirin, sannan in zabura da wani gurnani kamar wanda aka tsamo daga gulbi, in juya in ci gaba da barci ban san an yi ba. Ni dai abin da na sani shi ne ina tashi da ciwon kai, ina fita fitsari sau uku cikin dare, ina gyangyaɗi a bas, ga hawan jini da ya ƙi jin magani. Na ɗora wa aikin sito da sanyin ƙasar nan.

Ganin likita a nan ba kamar gida ba ne. A Birnin Kebbi in kana da kuɗin kati, yau ka je yau ka ga likita. A nan kowa yana da likitan unguwa da ya yi rajista da shi, ta hannunsa ake bi. Ƙarfe takwas na safe ake rububin buga waya, in ka dace a ba ka minti goma, shi kuma ya rubuta wa babban asibiti, kai kuma ka zauna jiran wasiƙa wata da watanni. Ba a karɓar ko sisi a bakin ƙofa, gaskiya ne, amma kada wani ya ce maka kyauta ne a gare mu. Kafin a ba mu biza sai da muka biya kuɗin lafiya, wanda yanzu ya kai fam 1,035 a shekara kan kowane babba, ban da harajin da ake yanka a albashi. Maganin da likita ya rubuta ma ana biyan fam 9.90 kan kowane iri.

Da jiran ya ishe ni na shiga kantin magani in sayi ƙwayar barci, yadda za ka aiki yaro kemis a gida ya kawo maka. Suka hana ni sai da takardar likita. Ko farasitamol a kanti ba sa sayar wa mutum fiye da fakiti biyu. Na fita da ɓacin rai. Daga baya likita ya shaida mini cewa ga mai irin matsalata ƙwayar barci tana ƙara sakin naman maƙogwaro, numfashi ya ƙara daɗewa a ɗauke. Ashe hanin nan rahama ce.

Ina cikin jira sai ga wasiƙa daga sashen barci na asibitin, suna tambaya ko zan yarda in shiga wani bincike a matsayin ɗan sa-kai. Suna son gwada wata ƙaramar na'ura da mutum zai kwana da ita a gidansa, su ga ko sakamakonta zai yi daidai da na babban gwajin da ake kwana a asibiti. Yaya, ina ganin kalmar bincike zuciyata ta tafi Kano. Ka tuna annobar sanƙarau ta 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kusan 200, sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa a 2003 Kano da Zamfara suka dakatar da rigakafin shan inna. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mako biyu wasiƙar na kan tebur ban taɓa ta ba.

Da na je, da tambayoyina na je a rubuce. Wata nas ta zauna da ni kusan awa guda. Ta tambaye ni ko ina son tafinta. Ta ba ni takarda mai shafuka da yawa: abin da za a yi mini, abin da ba za a yi ba, wahalar da zan iya sha, wanda zai ga bayanaina, da lambar da zan kira in ina da ƙorafi. Ta ce sunana ba zai shiga cikin binciken ba, lamba za a sa a madadinsa. Ta ce wani kwamiti mai zaman kansa, wanda har da mutanen gari da ba likitoci ba a cikinsa, shi ya duba tsarin kafin a ba su izini. Na ɗauki biro zan sa hannu, ta ce a'a, in tafi gida in kwana a kai, in yi shawara da iyalina. Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne da ta ce ko an fara, ko tsakar dare ne, in na ce na fasa to na fasa, ba wanda zai tambaye ni dalili, kuma ba zai taɓa maganin da asibiti zai yi mini ba.

Kada ka ɗauka su ma ba su taɓa yin ɓarna ba. A 2006 a wani asibiti a Landan samari shida masu lafiya da aka gwada wa sabon magani sun kusa rasa rayukansu, bayan haka aka ƙara tsaurara dokoki. Akwai irin wannan gwaji na sabon magani da ake biyan kuɗi masu kauri, kuma na san ɗaliban da ke shiga don kuɗin haya. Ni ba zan ba ɗan'uwana shawarar ya shiga don kuɗi ba. Nawa ba magani a ciki, ba allura. Kuɗin mota suka mayar mini, sai ɗan katin sayayya na godiya.

Abin da ya sa na yarda wani abu ne da ban taɓa ji ba. Ka san ɗan maƙalen nan da ake sa wa mutum a yatsa a asibiti don auna iskar da ke cikin jini? Da haske yake aiki, hasken yana ratsa fata. A 2020 likitocin Jami'ar Mishigan a Amurka sun gano cewa a jikin baƙar fata yana ɓoye ƙarancin iska kusan ninki uku fiye da a jikin farar fata, ya nuna lafiya lau alhali mutum yana cikin haɗari. Nas ɗin ta ce shi ya sa suke neman irinmu, don in ba mu cikin waɗanda aka gwada na'ura a kansu, za a ƙera ta ne daidai jikin wasu, sannan a kawo mana. Na tuna irin wannan maƙale ne ake sa wa Inna duk lokacin da aka kai ta asibiti. Washegari na sa hannu.

Daren gwajin a watan Disamba ne. Na roƙi namiji ya haɗa mini wayoyin, aka ba ni ba gardama. Na yi sallar Isha'i tukuna, sannan ya auna kaina da tef, ya manna wayoyi da wani abu mai danƙo a fatar kai, da gefen idanu, da haɓa, da ƙwauri. Ɗamara ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki, siririn bututu a ƙofar hanci, maƙale a yatsa, ga kyamara a bango. Ɗakin tsaf, shiru, ba sauro, ba ƙarar janareto. Na zaci ba zan iya barci ba, amma barci ɓarawo ne. Ƙarfe shida aka tashe ni aka cire komai, kuma da yake a hunturu alfijir na jinkiri a nan, na samu Asuba a kan lokaci. Bayan haka na kwana uku da ƙaramar na'urar a gida na mayar musu.

Ranar sakamako likita ya juyo mini da kwamfuta ya nuna mini daren nawa layi-layi, ya ce sunan ciwon da Turanci sleep apnoea, wato ɗaukewar numfashi cikin barci. Idan mutum ya yi barci naman maƙogwaro yana saki. A wurin wasu, musamman masu ƙiba da kaurin wuya, hanyar iska tana rufewa gaba ɗaya. Ƙirji yana ta ja, iska ba ta shiga, har sai ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum na ɗan lokacin da ba zai tuna ba. Suna ƙirga duk tsayawar da ta kai daƙiƙa goma. Daga 5 zuwa 15 a awa ɗaya mai sauƙi ne, zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 mai tsanani. Nawa 34 ne. Kowane minti biyu ana shaƙe ni, dare bayan dare, shekara da shekaru. Ya ce wannan yana tayar da hawan jini, yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya.

Ina kallon layukan nan Baba nake gani, Allah ya jiƙansa. Ka tuna yadda ake jin minsharinsa daga zaure, yadda yakan yi shiru sannan ya zabura, yadda yakan yi barci a zaune ana tsakiyar hira da carbi a hannu. Muna cewa gajiyar kasuwa ce. Hawan jini ya kama shi, daga baya ɓarin jikinsa ya shanye. Ajali ba ya wuce lokacinsa, na sani. Amma shekara ashirin muna jin ciwon mahaifinmu da kunnenmu kowane dare ba mu san ciwo ba ne. A mota na yi kuka ranar.

Na tambayi likitan har batun dannau. Ya ce wannan daban ne: a lokacin mafarki jiki yana sandarewa don kada mutum ya aikata abin da yake gani, wani lokaci hankali ya riga jiki farkawa, sai mutum ya ji an danne shi ba ya iya motsi. Ba ya kisa, kuma ƙarancin barci da kwanciya rigingine suna ƙara shi. Addu'ar kwanciya dai ban bari ba, kuma ba zan bari ba.

Maganin nawa wata na'ura ce da suke kira CPAP, ba ta kai rediyon Baba girma ba. Tana hura iska a hankali ta bututu zuwa wani marufin hanci, iskar ta riƙe maƙogwaro a buɗe. Wani likita a Ostareliya, Colin Sullivan, shi ya fito da dabarar a 1981. Asibiti ne ya ba ni aro, ban biya ba, kuma da kanta take aika musu rahoton awa nawa na yi da ita. Makon farko na sha wuya, hancina ya bushe, sau biyu ina cire ta cikin barci. Yanzu wata huɗu ke nan. Ina tashi da Asuba garau, ciwon kan ya tafi, an rage mini maganin hawan jini. Sannan dokarsu ta ce mai irin wannan ciwo da ke gyangyaɗi da rana dole ya sanar da hukumar lasin tuƙi, kuma ya ajiye mota har sai magani ya kama shi.

Nan ne maganar ta zo kanka, Yaya. Wuyanka irin na Baba ne. Lokacin da na zo hutu muka kwana ɗaki ɗaya a Argungu, na ji shirun nan a bakinka, ban dai san sunansa ba a lokacin. Kai kuma kana ɗauko albasa daga Aliero ka bi ta Koko da Yawuri da Kwantagora har Legas, da goro da shayi mai kauri kake korar barci. Gyangyaɗin daƙiƙa uku a kan sitiyarin tirela ya isa.

Na san na'urar nan a gida wani aiki ce. Tana da tsada, tana son wuta daga dare har safiya, sai dai a haɗa ta da batir da sola, kuma ƙurar hunturu za ta riƙa cika matatarta. Amma akwai abin da kuke da shi wanda su nan suke nema. A takardar tambayoyin asibitin akwai tambayar ko wani yana ganin barcinka, kuma mutane da yawa a ƙasar nan su kaɗai suke kwana, ba mai ba su labari. Kai kana da uwargida, kana da yaron mota da ke kwana kusa da kai a tasha. Ka roƙe su su saurare ka dare uku, su ƙirga shirun. Akwai kuma tambayoyi takwas da aka yi mini tun farko, kan yadda barci ke ɗaukar mutum yana zaune, ko yana karatu, ko a mota, ko bayan cin abincin rana. Kowace ana ba ta maki daga 0 zuwa 3, jimla 24, wanda ya haura 10 ya kamata ya ga likita. Ni 15 na samu. Zan fassara maka su in turo a murya.

Kafin nan, ka daina kwanciya rigingine, ka kwanta a gefe. Ka rage tuwon dare, ka rabu da ƙwayar barci in kana sha. In barci ya zo a hanya ka faka, albasa ba ta fi ranka ba. Ka je asibitin tarayya na Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ka gaya wa likita a fili cewa numfashinka yana ɗaukewa cikin barci kuma kai direba ne, a duba jininka da hancinka da maƙogwaro. Idan wata rana masu bincike suka zo muku, kada ku gudu kuma kada ku sa hannu a tsaye. Ku nemi a yi muku bayani da Hausa, ku tambayi wane kwamiti ya ba su izini, ku tambaya ko kuna iya fasawa. Nijeriya ma tana da kwamitin ƙasa mai kula da ƙa'idojin binciken lafiya, gwajin magani kuma sai da amincewar NAFDAC.

Wani ɗan garinmu zai zo gida kafin Babbar Sallah. Zan ba shi na'urar awon jini ta Inna, da maƙalen yatsa mai ajiye awon dare guda, naka ne, tare da kuɗin asibiti. In zai dawo a haɗo mini kuka da daddawa. Ka gaishe da Inna ƙwarai, ka ce mata ta sa mini albarka, ka gaishe da uwargida da yara. Ina jiran jin abin da suka ƙirga a dare ukun nan.

Ƙaninka.