Alfalfar Rambler: ta kiwo ce, ba ta yanka ba

Wanda zai shuka alfalfa, wato ganyen da ake nomawa don ciyar da dabbobi, don ya yanka ya ɗaure ya sayar, ba irin da ake kira Rambler zai nema ba. Amma mai son ya saki dabbobi a kanta, a tsandaurin kudancin Saskacewan ta Kanada inda ruwan sama ba yawa kuma hunturu ke kashe saiwa, ban ga irin da na fi yarda da shi ba. A gonar tumakin da nake aiki mun shuka ta haɗe da ciyawar burom, kuma tun tsirowarta nake bin ta.

A tashar binciken noma ta Swift Current aka samar da ita, a hannun masanin iri D. H. Heinrichs, aka fitar da ita a 1955. Ya yi barbarar irin alfalfa na Ladak da wata alfalfa mai ruwan ɗorawar fure daga Saiberiya, wadda ta saba da fari da ƙanƙara. Shi ya sa furenta ba launi ɗaya ba ne: ga shuɗi, ga rawaya, ga mai ratsin kore duk a fili ɗaya.

Abin da ya ɗaure ni da ita yana ƙarƙashin ƙasa. Alfalfar da aka saba saiwa ɗaya take turawa can ƙasa, gindin ya mutu shike nan, wurin ya zama fili. Rambler kuwa tana miƙa saiwoyi gefe, su riƙa ɓullo da sabbin tsirai, kamar kiri-kiri, sai dai ita ta ciki take bi. Na tona gindi ɗaya da shebur na bi wata saiwa mai kaurin fensir, sai ga ta ta fitar da tsiro nesa da uwar kusan taki guda, da nasa ƙananan saiwoyin. Gindin ma a nutse yake, kofato bai cika raunata shi ba. Bakin kwamin ruwa, inda tumaki suka tattake har ƙasa ta fito, da bazara ya sake rufewa ba tare da mun zuba iri ba.

Sai dai tana son haƙuri. Shekarar farko ba ka ganin rarrafen, kuma ba kowane gindi ke yi ba. In an cinye ta, tana daɗewa kafin ta farfaɗo, da kaka kuma da wuri take barci, wato ta daina girma. Wannan barcin shi ke tsare ta daga sanyi, shi ne kuma ke rage ganyen. Kumburin ciki ma yana nan kamar kowace alfalfa, don haka ba ma sakin tumaki da yunwa ko da raɓa, sai sun ci ingirici tukuna.

'Yan uwa masu noman rani a ƙasa mai zafi, kada ku kashe kuɗi a kanta. Irin da ba ya barci, kamar barsim Hijazi na Sudan, shi zai ba ku yanka bayan yanka.