Ciwon Baya da Targaɗen Fili: Wajen Wa Ya Kamata Ka Kai Kuɗinka?

Idan baya ya riƙe, ko ƙafa ta gurɗe a filin ƙwallo, masu ba da shawara ba sa wuyar samu. Wani ya ce a tafi gidan maɗori, wani ya ce a kira wanzami ya yi ƙaho, wani ya aika kemis. Yanzu kuma ga sabon shiga: bidiyon TikTok na masu kwantar da mutum a kan gado su danna bayansa ya yi ƙas, ya tashi yana murmushi. Kowanne a cikinsu yana da inda yake da amfani, amma ba ciwo ɗaya suke magani ba, kuma kuskuren zaɓi a nan ba asarar kuɗi kaɗai yake jawowa ba.

Kuɗin farko da ya kamata ka kashe na sanin abin da ya same ka ne. Idan faɗuwa ka yi ko karo, kuma ba ka iya taka ƙafar ko taku huɗu, ko kuma in an taɓa kan ƙashin idon sawu sai ka zabura, to hoton ƙashi ne gaba da komai. A ciwon baya kuwa akwai alamomin da ba a jira da su: fitsari ko bayan gida ya riƙe ko ya riƙa zuba ba da saninka ba, tsakanin cinyoyi ya mutu ba ka jin taɓi, ƙafa tana raunana, ko ciwon ya zo da zazzaɓi, gumin dare da rama. Wannan na ƙarshe ya fi damuna, domin tarin fuka, wato tibi, yana cin ƙashin baya, kuma a ƙasarmu ba baƙon abu ba ne. Ƙashin bayan da tibi ya riga ya ci, in aka danne shi da ƙarfi ana iya taɓa laka. Mai sikila ma da kwankwaso ya dame shi likitan ƙashi ya kamata ya gani, don kan ƙashin cinya yakan mutu saboda ƙarancin jini. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, da takwarorinsa na Igbobi a Legas da na Inugu, da sassan ƙashi na asibitocin koyarwa, don irin wannan aka yi su.

In babu ko ɗaya daga waɗannan, labarin ya sauya. Yawancin ciwon baya na yau da kullum yakan yi sauƙi sosai cikin mako shida, ko da hoto ko babu. A nan ne ake da damar zaɓi.

Masu danna baya da ake gani a bidiyo sunan sana'arsu kayirofiratik. Wani mutum mai suna D.D. Palmer ne ya fara ta a 1895 a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka, bisa ra'ayin cewa gocewar ƙasusuwan baya ce tushen yawancin cututtuka. Bincike bai tabbatar da wannan ra'ayi ba, don haka duk wanda ya ce maka danna baya na maganin asma, ko ciwon sukari, ko rashin haihuwa, ka riƙe kuɗinka. Abin da aka tabbatar ya fi haka ƙanƙanta, amma gaskiya ne: a ciwon ƙugu, dannawar takan rage zafi ta saki jiki na ɗan lokaci, gwargwadon yadda motsa jiki ko tausa ke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2023 kan ciwon baya mai daɗewa, ta saka ta cikin abubuwan da za a iya yi, tare da motsa jiki da tausa. Ingila kuwa tun 2016 ta ce a yi ta ne kawai haɗe da motsa jiki. Ƙarar da ake ji ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba. Iska ce a ruwan gaɓa, irin wadda yatsa ke yi in an ja shi.

Abu biyu zan ja kunne a kansu. Na farko wuya. Murɗa wuya da sauri yana iya yaga jijiyar jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai yake faruwa ba, amma amfanin da ake samu bai kai a ɗauki wannan kasadar ba, tunda ana iya sassauta wuya a hankali. Na biyu, ƙwararrun wannan sana'a a Najeriya ƙalilan ne, masu kwaikwayon bidiyo sun fi su yawa. A Amurka sai an yi karatun shekara huɗu bayan share fagen jami'a kafin a ba mutum lasisi. Duk wanda zai danna maka baya, ka nemi ganin takardarsa, ba rashin kunya ba ne. Kuma ka guji wanda zai sa ka biya kuɗin zama talatin tun ranar farko.

Ni dai a ganina likitan gashin ƙashi ne ya fi cancantar kuɗin yawancin mutane. Sunan yakan sa a ɗauka aikinsa kunna fitila ne a gasa wuri, alhali wannan shi ne mafi ƙanƙantar aikin. Karatun jami'a yake yi, kamar a Jami'ar Bayero, kuma akwai hukumar MRTB da ke yi masa rajista. Yana iya tausa da sassauta gaɓa da hannu, amma babban abin da yake sayar maka shi ne atisayen da za ka riƙa yi a gida: ƙarfafa naman ciki da ƙugu, yadda za ka ɗaga buhu, yadda ɗan adaidaita sahu ko tela zai gyara zamansa. Aibinsa ɗaya, yana buƙatar haƙuri da aikinka, shi ya sa da yawa ke gudu bayan zuwa biyu. In kuwa ka ga kullum na'ura kawai ake ɗora maka, ba a taɓa nuna maka motsi ko ɗaya ba, nemi wani.

Maɗori ba abin rainawa ba ne. Yana kusa, yana da rangwame, wasu gidajen sun gaji sana'ar kaka da kakanni, kuma targaɗe mai sauƙi yakan warke a hannunsa. Matsalar ita ce hannu ba ya ganin tsagewar da ta shiga cikin gaɓa, kuma ɗaurin karare in ya matse kan kumburi yana tsayar da jini. Likitocin ƙashi a Najeriya sun sha rubuta yadda hakan ke kai wa ga yanke hannu ko ƙafa, musamman a yara masu karayar gwiwar hannu. Idan an yi ɗori sai yatsu suka yi sanyi, suka sauya launi, ko zafi ya ƙaru maimakon ya ragu, a kwance nan take a tafi asibiti, ko da tsakar dare ne. Karayar da ƙashi ya huda fata kuwa ba ta gidan ɗori ba ce sam.

Ƙaho da tausa suna sa wasu su ji daɗin jikinsu na kwana biyu. Ba laifi, muddin aska sabuwa ce kuma ba a kan sabon rauni ba. A kemis, ibuprofen da diclofenac suna aiki, amma na 'yan kwanaki ne, bayan cin abinci, kuma ba na mai gyambon ciki, ciwon ƙoda ko mace mai ciki ba. Na shafawa ya fi sauƙi ga ciki. Tramadol kuwa ba maganin ciwon baya na yau da gobe ba ne; Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a guji irinsa, haka ma bel ɗin ɗaure ƙugu da ake tallarsa da tsada.

Ga 'yan ƙwallo da 'yan dambe, targaɗen idon sawu a kwana biyun farko ƙanƙara yake so a cikin tsumma na minti 15 zuwa 20, da bandeji marar matsi, da ɗaga ƙafa. Ba ruwan zafi ba, ba murza ba. Daga nan a fara takawa a hankali, a koyi tsayuwa da ƙafa ɗaya, don wanda ya koma fili ba tare da wannan ba yakan sake gurɗewa. Gwiwa kuwa daban take. In ka ji ta yi ƙara yayin juyi, ta kumbura cikin sa'o'i kaɗan, daga baya tana kuɓuce maka, akwai yiwuwar babbar jijiyar cikinta ta tsinke. Hoton ƙashi ba ya nuna ta, sai hoton MRI mai nuna jijiyoyi da nama, kuma ja ko danna ba ya haɗa ta. Wanda aka yi wa tiyata yakan ɗauki kimanin wata tara yana atisaye kafin ya koma wasa, saboda haka ka lissafa kuɗin likitan gashin ƙashi tare da na tiyatar tun kafin ka amince a yi.