Multistix 10 SG ga mai amosanin gaɓɓai: amfaninsa da iyakarsa

Amosanin gaɓɓai mai kumburi idan ya daɗe, wani lokaci kumburin yakan kai ga jijiyoyin jini, har ya taɓa ƙoda ba tare da ciwo ba. A nan ne wannan tsinken gwajin fitsari na kamfanin Siemens yake da rana, domin yana nuna jini ko furotin a fitsari, waɗanda kan zama alamar an taɓa ƙoda. Kwalba ɗaya guda 100 ce.

A tari fitsarin safe, na tsakiya (wato bayan na farko ya ɗan zuba), cikin mazubi mai tsabta. A tsoma tsinken a cire nan take, a goge gefensa a bakin mazubin, a jira daƙiƙa 60, sannan a gwada launin gurbin jini da na furotin da ke jikin tsinken da jadawalin jikin kwalbar. Wanda ya makara zai karanta launin ƙarya. Jinin haila yana nuna jini inda babu cuta, yawan shan bitamin C kuma yana iya ɓoye shi. Zafi da laima suna kashe tsinken, don haka a rufe kwalba gam, kada a sa a firiji.

Kaya ne mai kyau, amma bai ganin inda cutar ta fi kamawa: baƙaƙen ɗigo a gindin farce, gyambon ƙwauri mai zurfi, ƙafar da ta mutu tana jan ƙasa. Duk wanda ya ga ɗayansu ya je wurin likita a ranar, ko da fitsari ya fito lafiya.