Lefen ƙanena da kasuwannin Kano: abin da na gani a Kwari, Wambai da Kurmi

Watan jiya Hajiyarmu ta ɗora min haɗa lefen ƙanena, ta ce ni ce babba, ni zan shiga kasuwa. Kwana huɗu na yi ina hawa da sauka daga adaidaita sahu tsakanin Kantin Kwari, Ƙofar Wambai, Kurmi da titin Gidan Zoo. 'Yan uwanmu na Zariya da Katsina kullum sai sun tambaye ni ina ya fi dacewa a sayi sutura a Kano, to ga abin da idona ya gane min.

Kwari na fara zuwa, kuma can na kashe kusan duk kuɗin. In dai maganar atamfa ce, ko shadda, leshi, yadi da mayafai, babu inda ya kama ƙafarta. Ba a banza ake ce mata babbar kasuwar yadi ta Afirka ta Yamma ba. A layi ɗaya sai ka ji Zabarmanci, ka ji Larabcin mutanen Chadi, ka ga 'yan Kamaru suna ɗaure dila. 'Yan Lebanon da Siriya ne suka kafa kantuna a wannan yanki na Fagge tun zamanin Turawa. Yanzu kuwa mafi yawan kayan daga Chana ake shigo da su, tun bayan da masaƙunmu na Bompai da Sharaɗa da Chalawa suka durƙushe, abin da har yau yake yi min ciwo duk lokacin da na duba gefen zane.

Amma Kwari ba wurin da za ki faɗa da ka ba ne. Ranar farko ni kaɗai na je. Ina sauka wani matashi ya tare ni da fara'a: "Hajiya me ake nema? Zo mu je, shagonmu ne." Ashe ɗan ka-yi-na-yi ne, shagon ba nasu ba ne, la'adarsa ce aka ɗora a kan kuɗin kayan. A wannan shagon aka ba ni turmi biyu da sunan Holan. Da na dawo gida na jiƙa farin ƙyalle na goga a gefe, sai ga launi ya biyo. Na juya bayan zanen, ya koɗe, bai yi kama da gaban ba. Raina ya ɓaci sosai, don kayan lefe dangin amarya ne za su baje su a gaban jama'a, kuma akwai matan da da ido kawai suke gane jabu.

Washegari na ɗauki ƙanwar mahaifinmu, wadda ta yi shekaru tana sarin atamfa tana kaiwa gidaje. Nan na ga bambanci. Gwaggo ba ta tsaya a shagunan bakin titi ba, muka kutsa can ciki, muka hau bene. Ba ta taya kaya sai ta ji farashi a shago uku. Ta koya min duba rubutun da ke bakin zane, da juya shi a ga ko zanen ya ratsa gaba da baya daidai, da murza shi a ji ko sitaci ne ya ba shi ƙarfi. Mai shagon da ta saba da shi ya faɗa mana gaskiya tun kafin mu tambaya: "Hajiya, wannan Holan ce ta ainihi, wannan kuma kwafinta ce, ita ma tana da kyau amma kuɗinsu ba ɗaya ba." Wannan magana kaɗai ta sa na saki jiki na yi ciniki. Shaddar ango ma a wurinsa muka yanka, Getzner ta ƙasar Austriya yadi goma don babbar riga, sannan muka cike da mai sauƙin kuɗi ta sawar yau da kullum. Da yake mun haɗa turame da yawa, farashin sari ya yi mana.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne cunkoso. Lungunan sun matse, masu baro da 'yan dako suna ta "hanya, hanya", in kin zo da yaro ƙarami kin shiga uku. Ki je da hantsi, kafin azahar ki gama. Da damina kuma a yi hattara, kowa ya tuna ambaliyar watan Agustan 2022 da ta shiga shaguna ta lalata dukiya mai yawa.

Ƙofar Wambai ba don lefe na je ba, yarana na samo wa kayan sanyi da wandunan zaman gida. Gwanjo a nan yake. Sa'a ita ce ki tarar ana kwance sabuwar dila, ki zaɓi na farko kafin a tsince. A duba hammata da zik da kyau, don in kin bar wurin babu canji.

Kurmi kuwa daban take a zuciyata. Kasuwa ce da ta kafu tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, kuma har yanzu in aikin hannu kake so, can za ka nufa. A nan na saya wa ango hula zanna biyu, da saƙi guda don Baba. Dattijon da ya sayar min ya juya hular ya nuna min cikin ɗinkin, ya ce ta nan ake bambance aikin allura da na keke. Daga nan muka biya marinar Ƙofar Mata, na ɗauki rinin baba guda ɗaya na kaina. Mutane sun rage zuwa waɗannan wurare, alhali abin da ake samu a can ba ya zuwa a kwantena.

Jakunkuna da takalman amarya a shagunan titin Gidan Zoo na saya, na kuma leƙa Ado Bayero Mall da aka buɗe a 2014. Akwai sanyi, akwai wurin ajiye mota, za ki gwada kaya a natse, farashi a rubuce babu tayi. Kuɗin ya ɗara na kasuwa, amma takalmi abu ne da sai an gwada, don haka ban yi da-na-sani ba. Atamfa dai ba zan saya a can ba alhali Kwari na nan.

An kai lefen ranar Asabar, akwati shida, kuma ba mu ji wani ƙorafi daga gidan amarya ba, Alhamdulillahi. Turamen nan biyu da suka zuba na cire su, na ba telana ta yi wa yara kayan zaman gida. Kayan sallah kuwa na riga na gaya wa Gwaggo, tun kafin azumi ya kama za mu koma, kafin kasuwa ta cika teloli su fara ƙin karɓar ɗinki.